Kujerar Tsira: Me Ya Sa Matuƙin Jirgin Yaƙi Ke Dirowa da Lema, Amma Fasinja Ba Shi da Ita?

Duk sa'ad da aka ji labarin jirgin yaƙi ya faɗi amma matuƙinsa ya tsira, tambaya ɗaya ce ke zagayawa a majalisu, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege, daga Mile 12 zuwa Ama Hausa ta Owerri: idan soja na da kujerar da za ta cillo shi waje ya sauko da lema, me ya hana a yi wa fasinja irinta? Wasu ma sukan ce ai raini ne kawai, an fifita ran soja a kan na wanda ya biya kuɗin tikiti.

Tambayar ta fi ƙarfin hirar shayi, musamman ga wanda ke neman abinci a kudu amma iyayensa na Jos. Ko ba daɗe ko ba jima za a kira shi gida, biki ko rasuwa, dole ya zaɓa tsakanin motar da za ta kwana a hanya da jirgin da zai sauka a Heipang. Da yawa tsoro ne ke yanke musu hukunci.

Amsar a taƙaice ita ce: jirgin yaƙi an ƙera shi ne da sanin cewa wata rana za a iya barinsa a sama a tsira da rai, shi kuwa jirgin fasinja an ƙera shi ne don ya dawo ƙasa da kowa a cikinsa. To, bari mu bi abin daki-daki.

Mece ce kujerar tsira, kuma yaya take aiki?

Kujera ce da matuƙin jirgin yaƙi ke zaune a kai kullum, a ɗaure da ita tun daga kafaɗu har cinyoyi. A ido kamar kujera ce kawai, amma a bayanta da ƙarƙashinta akwai albarushi da ƙaramar roka. A cikinta kuma an naɗe lema, da ƙaramar tukunyar iskar shaƙa, da jakar kayan agaji.

A yawancin jiragen zamani, mariƙin yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Da ya fizge shi, abubuwa ke faruwa ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙiftawar ido. Ɗamarar za ta ja shi ta manne bayansa da kujera, igiyoyi su janyo ƙafafunsa ciki don kada su bugi bakin jirgi. Rufin gilashin da ke kansa zai tashi, ko kuma wata siririyar igiyar nakiya da aka liƙa a jikinsa ta tarwatsa shi. Albarushi zai harba kujerar sama a kan wasu ƙarafa kamar layin dogo, sannan roka ta kama ta ƙara nesanta ta da jirgin, don kada wutsiyarsa ta sare matuƙin. Daga nan wata 'yar ƙaramar lema za ta buɗe ta tsayar da kujerar daga jujjuyawa, kujerar ta saki mutumin, babbar lema ta buɗe.

Idan kusa da ƙasa ne, duk wannan ba ya wuce daƙiƙu kaɗan. Idan kuwa can ƙololuwar sama ne, akwai na'urar da ke auna tsayi, ita ke hana babbar lema buɗewa sai an sauko inda iska ta isa shaƙa kuma sanyi ya ragu. Kujerar ce ke yin komai da kanta, domin sau da yawa matuƙin ya riga ya suma. Kujerun zamani na iya ceton mutum ko da jirgin na tsaye cik a kan titinsa bai tashi ba.

Daga ina aka faro?

A da, idan jirgi ya lalace a sama, matuƙi kan buɗe rufi ne ya hau baki ya yi tsalle da lemarsa. Da jirage suka ƙara gudu, hakan ya gagara: iska kan danne mutum a kujera, wanda ya samu ya fita kuma jikin jirgin ya buge shi. Jamusawa ne suka fara amfani da kujerar da ke harba mutum a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 wani matuƙin gwaji mai suna Helmut Schenk ya tsira da ita daga jirgi samfurin Heinkel He 280, kuma a wancan lokacin matsattsiyar iska ce ke harba kujerar.

Sunan da ya fi fice a wannan sana'a shi ne kamfanin Martin-Baker na Ingila. Mutum biyu suka kafa shi, James Martin da Valentine Baker. Baker ya mutu a 1942 yana gwajin jirgin da suka ƙera, kuma mutuwar abokin nasa ce ta karkatar da hankalin Martin ga ceton matuƙa. Ranar 24 ga Yuli, 1946, wani ma'aikacin kamfanin, Bernard Lynch, ya yarda aka harbo shi daga jirgin da ke tafiya a sama don gwaji, ya kuma sauko lafiya. A 1949 aka samu matuƙi na farko da kujerar kamfanin ta ceta a haɗari na gaske. Zuwa yau, kamfanin ya ƙirga rayuka fiye da 7,000 da kujerunsa suka ceta, har ma yakan ba duk wanda ya tsira wani laƙataye na musamman a matsayin shaida. Jiragen Super Tucano guda 12 da Najeriya ta karɓa daga Amurka a 2021 irin kujerun wannan kamfani ne a cikinsu.

Abin da ya faru a nan gida

Labarin da jama'a suka fi tunawa shi ne na ranar 18 ga Yuli, 2021. Wani jirgin Alpha Jet na rundunar sojin saman Najeriya na dawowa daga kai farmaki a kan iyakar Zamfara da Kaduna da tsakar rana, sai 'yan bindiga suka buɗe masa wuta daga ƙasa. Jirgin ya faɗi a cikin jihar Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, mai muƙamin Flight Lieutenant, ya ja mariƙi ya diro da lema. Amma fa saukowa ƙasa ba shi ne ƙarshen wahala ba, domin maharan sun bi sawunsa. Kamar yadda rundunar ta bayyana, ya ɓuya a ƙauyukan da ke kusa har rana ta faɗi, sannan ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya cikin dare, har ya isa wani sansanin sojan ƙasa.

Ranar 14 ga Yuli, 2023 kuma, wani jirgin horaswa samfurin FT-7NI ya faɗi a Makurɗi, inda jiragen F-7 ke da mazauni. Matuƙansa biyu duk sun fice kafin ya kai ƙasa, kuma sun rayu.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. Ranar 28 ga Satumba, 2018, jirage biyu samfurin F-7Ni sun gogi juna a sararin Abuja suna atisayen bikin cikar Najeriya shekara 58 da samun 'yanci, suka faɗi a wajen tsaunin Katampe. Matuƙa uku duk sun ja mariƙi sun fice. Biyu sun rayu, amma Squadron Leader Bello Mohammed Baba-Ari ya rasu sakamakon raunin da ya ji. Wato ko ga ƙwararren soja mai ƙoshin lafiya, wanda aka horar shekara da shekaru, kujerar dama ce ta ƙarshe kawai. Takan yi nasara, takan kuma gaza.

Wahalar da jiki ke sha

A fim, matuƙi kan diro ya kakkaɓe ƙura ya yi gaba. A zahiri ba haka abin yake ba. A lokacin da aka harba kujerar, jikin mutum na ɗaukar nauyin da ya ninka nasa sau 12 zuwa 14, a tsofaffin kujeru ma har sau 20. Mai nauyin kilo 70 zai ji kamar an ɗora masa buhunan masara tara ko goma a kan gadon baya lokaci guda. Shi ya sa raunin da aka fi samu shi ne tsagewar ƙashin baya. Bayan wannan ga bugun iska: wanda ya fito daga jirgin da ke gudun kilomita 800 a sa'a kamar ya yi karo da bango ne, hannu ko ƙafar da ba ta ɗauru ba na iya karyewa ko gocewa. Sannan ga saukar kanta, a kan dutse, ko bishiya, ko ruwa.

Saboda haka ake auna tsawon matuƙi da nauyinsa kafin a ba shi jirgin yaƙi, domin kujerar na da iyakar jikin da za ta iya ɗauka. Ana koya masa yadda zai miƙe baya ya manne kai kafin ya ja mariƙi. Yana sanye da hular kwano da takunkumin iska. Bayan ya tsira kuma sai likitoci sun duba shi sosai kafin a bar shi ya sake tashi, wasu ma daga nan suke sallama da tuƙin jirgin yaƙi.

Ba kowane jirgin soja ke da ita ba

Ga masu cewa an fifita soja, ga abin dubawa. Jiragen soja na ɗaukar mutane da kaya ba su da wannan kujera, ko janar ne a ciki. Jirgin Hercules C-130 da ya faɗi a Ejigbo ta Legas ranar 26 ga Satumba, 1992, ya hallaka mutum fiye da 150, galibinsu hafsoshin da ke kwas a kwalejin Jaji. Jirgin King Air da ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna ranar 21 ga Mayu, 2021, yana ɗauke ne da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum goma, kuma babu wanda ya fita. Kusan dukkan jirage masu saukar ungulu ma ba su da ita, saboda fukafukan da ke juyawa a saman kai. Ashe ke nan abin ba na muƙami ba ne. Irin jirgin da irin aikinsa ne ke sa a saka kujerar ko a bar ta.

Jirgin yaƙi na ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Da yawansu inji ɗaya gare su, irin su F-7 da JF-17 da Super Tucano, idan ya mutu shi ke nan. Yana ɗauke da bama-bamai, yana tafiya ƙasa-ƙasa da gudu, yana juyi iri-iri, kuma ana aika shi ne musamman wurin da ake harbi. Fukafukansa gajeru ne, bai iya shawagi mai nisa ba inji. Jirgin da ke irin wannan rayuwa dole a yi wa matuƙinsa ƙofar gudu.

To me ya hana a sa wa fasinja?

Na farko, jikin mutanen da ke ciki. Ku duba jirgin da ke tashi daga Legas zuwa Jos: ga tsohuwa mai ciwon baya, ga mai juna biyu, ga jariri a cinya, ga ɗan kasuwa mai hawan jini. Bugun da ke tsaga ƙashin bayan soja ɗan shekara 28, me zai yi wa waɗannan?

Na biyu, inda jirgin ke tafiya. Jirgin fasinja na shawagi ne a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a sa'a. A can sanyi na kai wa digiri 50 ƙasa da sifiri, iskar shaƙa kuma ta yi ƙarancin da mutum kan fita hayyacinsa cikin ƙasa da minti ɗaya. Wanda aka cilla can da kaftani da hula, ba takunkumi, ba zai san ma lokacin da lema ta buɗe ba.

Na uku, ƙirar jirgin. Jikinsa kamar tulu ne da aka toshe aka cika da iska don mutane su yi numfashi. Kowace kujerar tsira na buƙatar ƙofarta a rufi. Jirgi mai kujera 150 zai zama da ramuka 150 a samansa, da rokoki 150 a ƙarƙashin mutane, kowace kujera kuma nauyinta ya kai na babban mutum ko fiye. Jirgin zai yi rauni, ya yi nauyi, ya rage yawan mutanen da yake ɗauka, tikitin da ake kuka da shi yanzu ya ninka. A ce ma an yi, idan aka harba su gaba ɗaya za su yi karo da juna a sama, wutar rokar wani ta ƙona na bayansa. Sannan wa zai riƙe mariƙin? Fasinja ɗaya da ya firgita saboda jirgi ya yi girgiza zai iya huda rufi ya jefa kowa cikin bala'i.

Na huɗu, lokaci. Mafi yawan haɗuran jiragen fasinja na faruwa ne wajen tashi ko wajen sauka, cikin 'yan daƙiƙu, kusa da ƙasa. Wannan ya amsa tambayar masu cewa to a raba wa kowa lema ta hannu mana. Yaushe mutum 150 da ba su taɓa ganin lema ba za su ɗaura ta daidai, su yi layi, su fita ta ƙofa ɗaya? A can sama kuma ƙofar ba ta ma buɗuwa, domin matsin iskar ciki ya danne ta. Akwai dai ƙananan jirage masu kujera huɗu ko biyar, irin na kamfanin Cirrus, da ke da babbar lema mai sauko da jirgin ɗungurungum, amma babu lemar da za ta riƙe jirgi mai tan 60 ko 70 yana tsananin gudu.

Abin da aka ba fasinja a madadinta

Kuɗin da za a kashe a kan kujerar gudu, an zuba shi ne wajen hana jirgin faɗuwa tun farko. Jirgin fasinja na da aƙalla inji biyu, kuma ba a ba shi lasisi sai an tabbatar zai iya ci gaba da tashi ya kuma sauka da guda ɗaya. Matuƙa biyu ne a gaba, kowa na sa ido a kan ɗan'uwansa, ana kuma mayar da su na'urar gwaji a kai a kai su maimaita yadda za su yi idan inji ya mutu ko wuta ta kama. Muhimman na'urori ana yin su bibbiyu ko uku-uku, idan ɗaya ta ƙi ɗaya ta karɓa. Akwai na'urar da ke kururuwa idan jirgi ya kusanci dutse, da wadda ke raba jirage biyu idan suka doshi juna. Idan iskar ciki ta zube, takunkumi na faɗowa a gaban kowa, yana ba da iska ta kimanin minti 12 ko fiye, wadda ta ishi matuƙi ya sauko inda ake numfashi.

Ko injina biyu sun mutu, dogayen fukafukansa na ba shi damar shawagi. Ranar 15 ga Janairu, 2009, tsuntsaye sun kashe injinan wani jirgin US Airways jim kaɗan bayan tashinsa daga New York, matuƙinsa Chesley Sullenberger ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 duk suka rayu.

Akwai kuma dokar daƙiƙa 90: kafin a amince da sabon samfurin babban jirgi, sai kamfanin ya nuna ana iya fitar da kowa cikin minti ɗaya da rabi, alhali rabin ƙofofin na rufe. Ranar 2 ga Janairu, 2024, wani jirgin Japan Airlines ya yi karo da ƙaramin jirgi yana sauka a Tokyo, ya kama da wuta ya ƙone ƙurmus, amma mutum 379 da ke cikinsa duk sun fita da rai. Hukumar binciken haɗura ta Amurka ta taɓa nazarin haɗuran jiragen fasinjan ƙasar daga 1983 zuwa 2000, ta gano fiye da kashi 95 cikin ɗari na mutanen da ke ciki sun rayu. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2023 an samu haɗari ɗaya ne a cikin kowane tashi miliyan 1.26, kuma a shekarar babu jirgin fasinja mai injin jet da ya yi haɗarin da ya ci rai.

Jos: tsayi, hazo da darasin 2002

Filin jirgin Yakubu Gowon yana Heipang ne a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, kimanin kilomita 30 kudu da cikin gari. Tsohon filin da ke cikin Jos sunansa kawai ya rage a jikin titi da mahaɗa. Heipang na kan tsayin kusan mita 1,300 daga gaɓar teku, Legas kuwa a bakin teku take. Wannan tsayi da ke ba Jos sanyinta yana da tasiri a kan jirgi: iskar kan tudu ba ta da kauri, don haka fukafuki da inji ba sa samun abin kamawa kamar a Legas. Jirgi na buƙatar gudu mai tsawo kafin ya ɗaga, ranar da aka yi zafi kuma abin na ƙaruwa. Shi ya sa wani lokaci ake rage kaya ko mutane. Idan aka ce jakarka ta wuce kima, lissafin nauyi ne da ran kowa ke rataye a kansa.

Sai yanayi. Da hunturu ga hazo, da damina ga hadari da gajimare mai kwanciya a kan duwatsu. Idan matuƙi bai hango titi yadda doka ta tanada ba, ba zai sauka ba, sai ya juya Abuja ko a soke tafiyar. Abin da ciwo, musamman ga mai sauri zuwa jana'iza, amma a tuna da jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2006, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, wanda ya ci mutum 96 ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Bincike ya nuna an tashi ne cikin mummunan yanayi. Gara jinkiri a ƙasa.

Mutanen Filato ba su manta da ranar 4 ga Mayu, 2002 ba. Jirgin EAS samfurin BAC 1-11 ya taso daga Jos ya yada zango a Kano zai wuce Legas. Wajen tashi, cikin zafin rana, ya zarce ƙarshen titi kafin ya ɗaga, ya kasa yin sama, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na ciki da na ƙasa, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku, ɗan jihar Filato. Duk abin bai ɗauki lokacin da ko lema za ta yi amfani ba. Abin da ya biyo baya shi ne gwamnati ta dakatar da wannan samfuri daga ɗaukar fasinja, ta kuma sa iyaka a kan shekarun jiragen da ake shigowa da su. Bayan haɗuran Bellview da Sosoliso a 2005 da na ADC a 2006, an yi sabuwar dokar sufurin sama da ta ƙara wa hukumar NCAA ƙarfi. Haka tsaron jirgin fasinja ke ginuwa: kowane haɗari sai an tono baƙin akwati, an gano sanadi, an canja doka. A yau hukumar NSIB ce ke wannan bincike a Najeriya.

Jirgi ko mota?

Daga Legas zuwa Jos ta mota kusan kilomita 1,000 ne: a ratsa Okene, Lokoja, Abuja, Keffi, Akwanga, sannan a hau Hawan Kibo, inda tireloli suka sha ƙwacewa. Tafiya ce ta yini guda har da dare, direba ɗaya, gajiya, ramuka, ga fargabar masu tare hanya. A jirgi bai kai sa'a ɗaya da rabi ba. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa na nuna mutum 5,000 ko fiye ke mutuwa a titunan Najeriya duk shekara, waɗanda aka ƙirga ke nan. Haɗarin jirgi ɗaya kan cika duniya da labari saboda ba kasafai yake faruwa ba, na mota kuwa kullum ne, har kunne ya saba.

Amma a faɗi gaskiya, jirgi ba na kowa ba ne. Tikiti ya yi tsada, jiragen da ke zuwa Jos ba su da yawa, ana ɗage tafiya ko a soke ta, kuma daga Heipang sai an sake neman mota. Mai safarar dankalin Turawa, kabeji ko tumatir zuwa Mile 12 ba shi da zaɓi sai titi. Wanda dole ta sa shi bin mota, to ya nemi ta kamfani mai tasha, ya guji tafiyar dare idan da hali, kuma don Allah a daina hawa saman tirela a kan kaya ko tare da shanu, domin idan ta kife ba mai tsira. Wanda kuwa ke da halin tikiti, ko yake da tsoho ko marar lafiya da zai kai gida, kada rashin lema ya hana shi shiga jirgi.

Abin da ke hannun fasinja

Ka ɗaure bel ɗinka ƙasa-ƙasa a kan ƙugu, ka bar shi a ɗaure ko an kashe alama, domin girgizar sama ba ta sallama. Ka saurari bayanin ma'aikatan jirgi ko ka ji shi sau goma. Da ka zauna, ka ƙirga layukan kujeru tsakaninka da ƙofa mafi kusa, gaba da baya, saboda a cikin hayaƙi da hannu ake lalube. Kada ka cire takalmi wajen tashi da sauka. Idan takunkumi ya faɗo, sa naka kafin na yaro, domin idan ka suma ba mai taimakonsa. Idan aka ce a fita, a bar jaka, komai abin da ke cikinta: jaka ɗaya a tsakiyar hanya na iya tsare mutum goma a cikin wuta. Rigar ruwa kuma ba a hura ta sai an fita daga jirgi. Batirin cajin waya a riƙe shi a hannu, kada a sa shi cikin akwatin da za a kai ƙasan jirgi.

Idan matuƙi ya sauka a gonarka

Jiragen yaƙi na ratsa sararin Filato da maƙwabtanta, don haka wannan ma abin sani ne ga 'yan uwa da ke gida. Idan aka ga mutum ya sauko da lema, kada a ɗaga shi ko a ja shi sai in wuta ko ruwa na barazana gare shi, saboda mai yiwuwa ƙashin bayansa ya tsage, kuma ɗaukar ganganci na iya shanye masa ƙafafu. A yi masa inuwa, a kira sojoji ko 'yan sanda mafi kusa. Kada a taɓa kujerar ko tarkacen jirgin, kada kuma a bar yara ko 'yan gwangwan su kusance su, domin akan samu albarushi da harsasan da ba su tashi ba. A kuma yi haƙuri da ɗora hoto a Facebook ko WhatsApp har sai an ɗauke shi, don ba a san wa ke nemansa ba.

Allah Ya tsare matafiya, na sama da na ƙasa, Ya kai kowa gida lafiya.